Ga Rifkatu, kan itacen da aka ce ki kai gidan maijego

Ɗiyata Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina baƙunta a Mayayi, ina gajiyar makaranta, yaya maigidan? Mu nan Maraɗi lafiya lau, sai zafi.

Na saurari saƙonki. Kin ce maƙwabciyarki musulma ta haihu, haihuwar fari, mijin yana ci-rani a Libiya, uwarta ta rasu, dangin miji kuma ba su waiwaye ta ba. Uwar Zumuntarku, wato shugabar ƙungiyar matan ikkilisiya, ta ba ki itace da tiya biyu ta hatsi daga ajiyar Zumunta, ta ce ki je ki dafa mata ruwan wanka, kada ki buɗe mata Littafi Mai Tsarki sai in ta tambaya, kada kuma ki rubuta a littafin biki. Sai wata ƙawarki ta ce wannan al'adar Hausawa ce kawai, aikin bishara wa'azi ne, baikon ikkilisiya kuma bai kamata ya fita waje ba. Shi ne kike tambayata: al'ada ce ko aikin Ubangiji?

Uwar Zumuntarku ta yi daidai, ki bi maganarta. Amma ƙawarki ma ba ƙarya ta yi ba da ta ce al'ada ce. Ba turawan mishan suka koya wa iyayenmu kai itace gidan maijego ba. Tun kafin ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, tun kafin ta zo Tsibiri, matan Katsina da na Gobir suna yi wa junansu wankan jego, suna dama kunu, suna zaman makoki. Zumunta a ƙafa take, kowa ya gaji wannan daga kakarsa, musulma ce ko ta bori. Abin da ya bambanta shi ne gidan da ƙafar take nufa, da abin da mai ƙafar take jira bayan ta dawo.

Kin san yadda biki yake a garin nan. In na kai wa abokiyar bikina jika ɗaya ranar sunan ɗanta, ta rubuta ko ta riƙe a kai, ranar da nawa ya tashi ta kawo mini jika biyu, ni kuma in ninka in nata ya sake zagayowa, har sai abin ya yi nauyi a koma ƙasa a sake farawa. Ba na zagin biki. Da shi mata da yawa suka yi wa ƴaƴansu kayan ɗaki, da shi nake da ƙawaye tun ina amarya, cikinsu musulmi sun fi yawa. Sai dai biki bashi ne da aka yi wa ado, kuma bashi ba ya zuwa inda ba a sa ran biya. Wadda ba ta da jika biyun da za ta rama, sannu a hankali ƙafa takan ɗauke daga ƙofarta, ba don an tsane ta ba, don kowa yana lissafin nasa. Maƙwabciyar taki irin wannan ce. Baƙuwa ce, ba ta zuba wa kowa ba, don haka ba wanda yake jin wajibi ne ya zo.

Ki buɗe Luka sura 14, daga aya 12. Ubangiji ya ce wa wanda ya gayyace shi cin abinci, in zai yi liyafa kada ya tsaya kan abokai da dangi da maƙwabta masu hali, waɗanda za su rama masa. Ya kira matalauta da guragu da makafi, domin ba su da abin ramawa. Iyayenmu mata da suka ji wannan ba su buƙaci mai fassara ba, don sun san ramuwa ciki da waje. Suka ci gaba da bikinsu da ƙawayensu, amma suka ware wani hatsi, wani itace, wata rana a mako, na waɗanda ba za su taɓa ramawa ba. Abin da ya sa aka ce kada ki rubuta ke nan. Littafin Zumunta yana nuna abin da ya shigo da abin da ya fita, domin amana, amma babu shafin da ake jiran wani ya biya.

Kakarki, wato innarmu, tana da ƙwarya a bayan randa. Duk sanda za ta surfa hatsin tuwo sai ta ɗebi cikin hannu ta zuba a ciki, ranar taron Zumunta ta ɗauka ta tafi da shi. Haka sauran matan. Ba mai kuɗi a cikinsu, wasu daga makarantar ƴan mata ta Sura suka fito, wasu matan masu bishara ne da ake turawa ƙauye ba albashin kirki. Lokacin da ikkilisiyarmu ta EERN ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960, maza suka riƙe mimbari da kujerun shawara, amma gidan da yake da kulle namiji baƙo ba ya shigarsa, ko fasto ne. Mace ce take yin sallama ta wuce zaure har ɗaki. Don haka duk abin da matan garin nan suka sani game da masu bin Almasihu, yawancinsa daga hannun mata suka san shi, a bakin murhu da gefen gadon marar lafiya. In ƙawarki tana neman inda aikin bishara na cikin gida yake, nan yake.

Zancen baiko kuwa, Galatiyawa 6:10 ta raba gardama: mu yi wa kowa alheri, musamman ƴan'uwa cikin bangaskiya. Gwauruwar ikkilisiya tana gaba, wannan gaskiya ne, kuma Zumuntar da ta bar tata tsohuwa da yunwa ta tafi neman suna a waje ta yi abin kunya. Amma ayar ta fara da kowa. A yunwar 1984, wadda mutanen nan suke kira El Buhari, da ta 2005 da mata suka riƙa jiƙa anza suna dafa tafasa don yara su samu abin sa wa ciki, ban ga an tambayi uwa addininta kafin a miƙa mata kwanon kunu ba. Da mun yi haka, da wane baki za mu rera waƙa ranar Lahadi?

Yanzu maganar da ta fi damunki, wato shirun. Ina jin a muryarki kina tsoron kada ya zama kin ji kunyar sunan Yesu. Ki kwantar da hankalinki. Yarinyar nan ta san ko ke wace ce. Tana ganinki da zanen Zumunta, tana jin tulu da waƙa daga majami'arku. Ba ɓoyewa kike yi ba. Amma ki duba halin da take ciki: jini bai gama tsayawa ba, nono yana ciwo, ba ta da wanda zai ɗebo mata ruwa sai ke. In kin ajiye itace kika buɗe Littafi, ba ta da bakin cewa a'a. Za ta saurara don tana buƙatar ruwan zafin gobe, ke kuma ki koma gida kina murna kin yi shaida, alhali kuwa kin karɓi kuɗin itacenki ne ta wata hanya. Wannan ma ramuwa ce, kuma ta fi ta biki muni, don abokiyar biki ta san sharaɗin tun farko. Ni dai ban yarda a sayi kunnen mutum da yunwarsa ba, kuma ban ga inda Ubangiji ya yi haka ba. Kutare goma ya warkar, ɗaya ya dawo godiya, bai karɓe lafiyar taran ba.

Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, da tawali'u da ladabi. Tambayar tana zuwa. Wata a mako na biyu, wata bayan shekaru, wata sai ranar da ɗanta ya kwanta ciwo ta aiko a ce ki yi masa addu'a. Ranar da ta ce miki, Malama, me ya sa kike yi mini haka alhali ba ki haɗa komai da ni ba, to ki faɗa mata gaskiya ba kwana-kwana, ki kira sunan Yesu sarai. In kuma ba ta taɓa tambaya ba, itacenki bai tafi a banza ba, domin an yi mata wankan, ta kuma tashi da lafiyarta. Dokas ta Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9, ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Riguna ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka.

Ga abin da za ki kula da shi in kin shiga. Ki yi sallama yadda suke yi, ki rufe kanki. Ruwan wanka safe da yamma, da ganyen bedi ko na tsamiya, amma ki taɓa da hannunki tukuna. Tsofaffi suna son ruwa yana tafasa, kuma na ga matan da aka ƙona da sunan gata. Kunun kanwa ki rage masa kanwa sosai. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta suna kawo wa maijego kumburi da ciwon zuciya. In kin ga ƙafafunta sun kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, ko zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki nemi abin hawa ku tafi likita. Jariri kuma nonon farko nasa ne, kada ki bari a matse a zubar wai dauɗa ce, kada a ɗura masa ruwa. Za a ce miki yarinya ce ke, me kika sani. Ki amsa da ladabi, ki ce ungozomar likita ce ta faɗa, ki kuma tsaya a kai.

Ranar suna ki je, ki taya daka da wanke-wanke. In liman ya yi fatiha ki zauna shiru ki yi taki addu'ar a zuci. Ba wanda ya taɓa tilasta mini shafa abin da ban yarda da shi ba, ni ma ban taɓa tashi na bar tabarma don ana addu'arsu ba. Haka a gidan rasuwa. Sai dai a can ga abin da na lura: ranar uku da bakwai da arba'in gida cike yake, ba a rasa mai kawo abinci. Bayan arba'in ne kowa yake watsewa, matar kuwa tana cikin takaba har wata huɗu da kwana goma, ba ta fita kasuwa, ba ta zuwa niƙa. A wannan tsakanin ne ake buƙatarki. Ki aika yaro ya karɓo mata niƙa, ki tambaye ta abin da za ki sayo mata ranar kasuwa, ki zauna ko ba magana.

In kin zo hutu zan kai ki Danja, kan hanyar Ɗan Isa. Tun 1956 ake jinyar kutare a can, a 2012 kuma aka buɗe wurin aikin yoyon fitsari. Za ki ga ƴan mata sa'anninki da waɗanda ba su kai ki ba, doguwar naƙuda ta lalata musu mafitsara, ɗan ya mutu, da yawansu miji ya sake su, a gida an ware musu tabarma da kwano saboda wari. Likita zai ɗinke abin da ya yage. Amma akwai wadda ta yi shekaru ba wanda ya ci abinci kwano ɗaya da ita, ba wadda ta taɓa kanta ta yi mata kitso. Sabulu da zane muna kaiwa, amma kitson nan shi ne abin da na ga yana sa su hawaye. Duk wadda ta ce wannan ba aikin Ubangiji ba ne, ta zo mu je tare, ta zauna ta ɗora kan yarinya ɗaya a cinyarta, sannan mu yi magana.

Abu biyu zan gargaɗe ki a kai. Na farko waya. Yanzu na ga ana kai tiya ɗaya ta hatsi da mutum biyar masu ɗaukar hoto, kafin a dawo gida fuskar matar tana Facebook. Bahaushe ya fi son ya kwana da yunwa da a tona asirin tukunyarsa, Ubangiji kuma ya ce kada hagu ta san abin da dama take yi. In ana son rahoto don taron shekara, a faɗi yawan gidaje, a bar sunaye. Ki kai kayan a rufe cikin kwano, da magariba in da hali, kamar kowace maƙwabciya da ta kawo ɗanɗano. In ta mayar miki da kwanon da ƴar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a ciki, ki karɓa da hannu biyu ki gode, kada ki ce ai ba sai ta yi ba. Mutuncinta ne ta sa a ciki, kamar yadda muke karɓar naman layya washegarin Salla, su kuma su ci shinkafarmu ta Kirsimeti, wadda mahauci musulmi ya yanka naman don kowa ya ci hankali kwance.

Na biyu gidanki. Ki shaida wa maigidanki kafin ki fita, ki gama girkinki, kada hidimar waje ta zama abin da zai riƙa jin haushin Zumunta a kansa. Kada kuma ki ci bashi don ki yi kyauta. In kuna son ajiyar ta yi ƙarfi, ku yi asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da matan jihar nan a 1991: zubi kaɗan kowane mako, akwati da makulli a hannun mata daban-daban, a ware wani kaso na taimako wanda ba a ba da shi rance. Kuma ku raba kwanakin arba'in ɗin tsakaninku, kada ke kaɗai ki ɗauka ga makaranta ga gida. Ki jawo maƙwabta musulmi ma. Sau da yawa jira suke wani ya fara.

Ƙawar taki kada ki yi gardama da ita. Ki roƙe ta ta raka ki gobe da safe ta kama miki tukunya.

Na ba direban da ke zuwa Mayayi ranar Juma'a ƙullin kayan yaji na maijego, da zane biyu da ƴan rigunan jarirai da matan Zumuntarmu suka ɗinka. Ki aiko mini da sunan da aka raɗa wa yaron, da yadda jikin uwar yake. Ki gaida maigidan, ki gaida uwar Zumuntarku da kyau, ki ce mata na gode da ta riƙe mini ke.

Gwaggonki,
daga Sabon Gari, Maraɗi