Ɗana mai larurar Daun ya shekara 3 bai fara magana ba, me zan koya masa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Aboabo, Kumasi. Ɗana na huɗu shekararsa 3, likitoci sun ce yana da larurar Daun. Bara ya fara tafiya, amma har yanzu daga "Mama" sai "a'a" a bakinsa. In na zaunar da shi zan koya masa ABC da ƙirga, sai ya baje a ƙasa ya ƙi kallona. Ba ya cin komai sai koko, ga munshari da dare. Kakarsa ta ce taurin kai ne, kuma in daina yi masa nuni da hannu kada ya zama bebe. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, ya ba ki ladan ɗawainiya.

Ki ajiye ABC tukuna. Yaron da kalma 2 ce kawai a bakinsa, abin da ya fi bukata shi ne hanyar da zai ce "ruwa", "ƙari", "ya isa". Kuma kafin a ce masa mai taurin kai, sai an duba jikinsa, don sau da yawa abin da ake ɗauka gardama ce, damuwa ce da ba shi da bakin faɗa.

Larurar daga halitta take. Mutum yana da kuromosom 46, wato ƙananan zarurruka masu ɗauke da gado, a ƙwayoyin jikinsa, masu wannan larura kuwa 47 gare su, saboda na 21 ya zo uku maimakon biyu. Ba abin da kika ci ne ya jawo ba, ba sammu ba ne, ba kuma ɗan ruwa ba ne kamar yadda wasu ke raɗawa a zango. Tana sa tsokar jiki laushi, shi ya sa fara tafiya a shekara 2 ko fiye ba abin mamaki ba ne gare su. Tsokar leɓe da harshe ma haka take, ga shi da su ake magana.

Ki fara da kunne. Fiye da rabin waɗannan yara suna samun raunin ji a wani lokaci, galibi saboda ruwa mai kauri da ke taruwa a bayan dodon kunne. Ba ya ciwo, ba ya fitowa waje, yana zuwa yana tafiya, musamman bayan mura. Shi ya sa uwa za ta rantse ɗanta yana ji, tun da yana waigowa in an buga ƙofa. Jin ƙarar ƙofa daban, rarrabe "kofi" da "kifi" daban. Ki nemi a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a auna jinsa da na'ura. A wannan shekaru ana son a maimaita duk wata 6, har ya kai a iya auna kowane kunne shi kaɗai, daga nan sai shekara-shekara.

Munsharin nan kada ki raina shi. Hanyar numfashinsu ƙarama ce, kuma da yawansu numfashi yana katse musu cikin barci. Ki ɗauki bidiyonsa da waya yana barci, na minti 2 zuwa 3, ki nuna wa likita. Ki lura ko yana yin shiru sannan ya zabura da jan iska, ko yana barci a zaune, ko yana banƙare wuya baya. Yaron da bai ƙoshi da barci ba, ba malamin da zai koya masa komai da safe. A wannan zuwan ki roƙi gwajin jini na tayirod (wata 'yar gaɓa a wuya mai daidaita aikin jiki), wanda ake yi duk shekara, don in aikinsa ya yi ƙasa yana kawo kasala, taurin bayan gida da jinkirin koyo, maganinsa kuwa ƙwaya ce guda kullum. Ido ma duk shekara. In kuma ba a taɓa yi masa hoton zuciya da ake kira eko ba, a yi, domin kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu.

Yanzu batun Hajiya kaka. Ki gaya mata cikin ladabi cewa nuni da hannu ba ya hana magana, taimaka mata yake yi. Waɗannan yara abin da suka gani ya fi zama musu a kai fiye da abin da suka ji. Kalma tana fita daga baki ta wuce, amma hannu yana tsayawa a gaban ido. Ki zaɓi alamu 5 kawai: ruwa, ci, ƙari, ya ƙare, barci. Duk lokacin da kika yi alamar, ki faɗi kalmar tare da ita, kina durƙushe fuskarki daidai da tasa. Kowa a gidan alama iri ɗaya zai yi, har yayyensa da ita kakar. Ranar da kalmar ta samu a bakinsa, shi da kansa zai saki alamar. Inda ake kuskure shi ne a jibga masa alamu 20 a mako guda, ko a riƙa nuni baki a rufe.

Akwai wani kuskuren da ƙauna ke jawowa. A gidan da ke da mutane da yawa, kafin yaro ya motsa an miƙo masa kofi. To me zai sa ya nema? Ki riƙe ayaba a hannu ɗaya, burodi a ɗaya, ki ce "ayaba ko burodi?", sannan ki yi shiru ki ƙirga 10 a zuci. Shirun nan yana da wuya ga uwa, amma lokacin da kansa ke bukata ke nan ya haɗa amsa. Ko da ido ya nuna, ki karɓa, ki faɗi sunan abin, ki ba shi. Ki kuma gajarta magana. "Je ka ɗauko takalminka ka sa ka zo mu tafi kasuwa" umarni 4 ne a jere, zai kama ɗaya sauran su zube. Ki ce "ɗauko takalmi", ki nuna. Rediyo da talabijin a kashe su a lokacin. Hausa kuwa ki ci gaba da yi masa ita. Jin yaren Asante a waje da Turanci a bakin yayyensa ba zai ruɗa shi ba.

Bajewar da yake yi a ƙasa saƙo ce: aikin ya yi wuya, ko ya yi tsawo. Minti 5, sau 2 ko 3 a yini, ya fi zaman rabin awa. Kuma tsakar gida ta fi benci. Ya ware tumatir da albasa a kwano 2. Ya haɗa takalman da ke ƙofar ɗaki biyu-biyu. Ya miƙo miki cokali yana taɓa kowanne kuna ƙirgawa, ku tsaya a 3 har sai ya gane 3 ɗin. Matse soso, murza ƙullin fulawa da juye ruwa daga kofi zuwa kofi suna ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir gobe. Wake da masara dai a nisanta su, hanci da kunne suke shiga.

In ya saba, ki wanke hotuna 4 na abin da ya sani: ke, babansa, kofinsa, takalminsa, kowanne kwafi 2. Mataki na farko ya ɗora hoto a kan irinsa. Na biyu ki ce "ba ni kofi" ya zaɓo. Na uku shi ne ya faɗa ko ya yi alamar. Bayan haka ki rubuta sunan da manyan haruffa a ƙasan hoton, ku bi matakan nan da kalmar. Da yawansu ta haka suke fara karatu, suna gane kalma ɗungurungum kafin su san haruffanta.

Sa tufafi kuma daga ƙarshe ake koya shi. Ki sa masa wando har cinya, shi ya ja zuwa ƙugu. In ya iya, ki tsaya a gwiwa. Kullum shi ke kammalawa, shi ke shan yabo.

Koko kaɗai ba zai riƙe ɗan shekara 3 ba, yana iya kawo ƙarancin jini, kuma baki ba ya koyon tauna. Ki zaunar da shi a miƙe, tafin ƙafarsa a kan ƙasa ko akwati. Ki kauraro kokon a hankali, sannan ki shigo da dakakkiyar doya, tuwo mai laushi da miyar ayoyo, gwanda nunanniya, ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya. Sabon abu cokali 1 ko 2 a gefen wanda ya saba, kuma ki sake kawowa ko ya ƙi sau 10. Ki ɗora lomar ta gefen baki wajen turame, don harshe ya koyi juyawa. Ɗura kuwa kada a yi masa ko kusa, abinci yana iya faɗawa huhu. Gyaɗa ɗanya ko soyayya, gugguru, ganda da alewa mai tauri a dakata da su. In yana tari ko shaƙewa wajen shan ruwa, ko ciwon ƙirji yana yawan dawo masa, ki faɗa wa likita a duba haɗiyarsa.

Koyon bayan gida a fo ba gaggawa. Ki fara magance taurin bayan gida, sannan zaman minti 5 bayan cin abinci, ba duka ba tsawa.

Ki ja kunnen yayyensa da samarin gida: ba cilla shi sama, ba alkafura, don wasu daga cikin yaran nan haɗin ƙashin wuyansu sako-sako ne. In kika ga yana karkatar da kai, tafiyarsa ta canza, ko hannu da ƙafa sun yi rauni, asibiti ranar nan. Ƙofar gida ta samu sakata a sama, bokiti da randa a rufe. Suna son fita ba sallama, ga kwata ga masu keke.

A Ghana ajin KG daga shekara 4 yake farawa. Dokar naƙasassu ta 2006 ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda larurarsa, sai in hukuma ta auna shi ta ga makaranta ta musamman ce ta dace da shi, kuma tun 2015 akwai manufar karantar da su tare da sauran yara. Shawararmu ki fara gwada KG na unguwa, don suna da kwaikwayo ƙwarai, kuma ki kai wa malamar alamunsa a takarda. In bukata ta kai, akwai makarantar Garden City a Asokore Mampong. Ki kuma je ofishin jin daɗin jama'a na Asambulinku, wato hukumar gundumarku, ki yi masa rajista, saboda akwai kason masu larura a asusun bai-ɗaya na gundumomi. Ki riƙe katin inshorar lafiyarsa da takardar likita in za ki je.