Cajar ce matsalar, ba BIOS ba

Ɗan'uwa, ka ce cajar ƙaramar kwamfutarka Dell OptiPlex Micro ta ƙone, ka jona mata ta wata laftof, sai ta fara jan ƙafa, kana tambaya ko BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta in an kunna ta, shi ne ke son sabuntawa. Ni dai cajar nake zargi.

Cajar Dell volt 19.5 take bayarwa, kuma a tsakiyar bakinta akwai wani siririn tsinke. Ta nan BIOS ke gane irin cajar da ƙarfinta. In bai gane ta ba, sai ya yi gargaɗi lokacin kunnawa, ya kuma rage gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ko sau goma ka sabunta shi, haka zai yi. Firosesa mai T a ƙarshen lambarta, irin i5-6500T, caja mai wat 65 ta ishe ta. Marar T tana son fiye da haka, ka duba rubutun jikin tsohuwar cajar.

In za ka kasuwar Wuse a Abuja neman wata cajar, tafi da kwamfutar a jona a gabanka, ka ga ko gargaɗin ya ɓace. Ni ma an taɓa liƙa min jabu.

BIOS kuwa, kada ka taɓa shi sai kana kan UPS ko inbata. Aka ɗauke wuta ana tsaka da sabunta shi, kwamfutar tana iya ƙin tashi.