Ƙera Mini Guda Uku Iri Ɗaya Tukuna

Ɗana, saƙon da ka turo mini daren Laraba na saurare shi har sau biyu. Minti bakwai kana zuba a waya, kai da a shago ko sandar walda ce ta ƙare ba ka iya faɗa mini da bakinka, sai ka turo ƙaramin yaro. Ga abin da na fahimta. Injin ɓarar gyaɗar da ka haɗa da guntayen ƙarfen bayan shago ya yi aiki. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa a kasuwar Pitowa ya gani, ya ce a yi masa biyar, zai ba da rabin kuɗi a gaba. Kana so in yaye ka, ka tafi Yawunde ka yi takardar da za ta hana a kwaikwayi injin, ka buɗe naka kamfanin. Har ka kawo mini misalin Arthur Zang, ɗan ƙasarmu da ya ƙera Cardiopad, na'urar da ke auna bugun zuciya a asibitin ƙauye ta aika wa likita a birni, ya kafa kamfanin Himore Medical, ya ci kyautar Rolex a 2014. Ka ce ta yaya mai ƙirƙira ke zama mai kamfani, kuma ko a ganina ka kai.

Injin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye maka ba. Ranar Alhamis da kuka tafi cin abinci na zuba masa kwano biyu na gyaɗa ni kaɗai. Na damƙi wadda ta fito na baza a kan benci na ƙirga: cikin ƙwaya ɗari, tara ne suka fashe. Na kasuwa da yawa sun fi haka ɓarna. Kuma dabarar nan ta notin da ke ɗaga rariya ko ya sauke ta ba sai an kwance injin ba, ban koya maka ita ba, ni ma ban taɓa tunaninta ba. Na daɗe tsaye ina juya notin nan.

Shi Arthur Zang aikinsa na kwamfuta ne. Bari in kawo maka namu na ƙarfe, wanda sunansa ke jikin tankin babur.

Soichiro Honda ɗan maƙeri ne, kamar ni. An haife shi a 1906 a wani ƙauye kusa da garin Hamamatsu a Japan, ubansa na ƙira yana kuma gyaran keke. A 1922, yana ɗan shekara 15, ya tafi Tokiyo koyon gyaran mota a garejin Art Shokai. Watannin farko ko sifana ba a ba shi ba, goyon jaririn maigidansa aka ɗora masa. Ka tuna da wannan duk ranar da ka tura baki don na aike ka sayo ƙanƙara. Shekara shida ya yi, a 1928 maigidan ya yaye shi, ya ba shi izinin buɗe reshen garejin a Hamamatsu da sunan gidan. Ya yi suna, ya yi kuɗi. Sai gyara ya ishe shi, ya ce shi ma ƙera abu zai yi, ya zaɓi ringin fistin. Ɗan zobe ne da ake sa wa fistin a cikin injin mota, ƙarfen da ke jikinsa bai kai na cokali ba, ga tsada. Ya ɗauka abin wasa ne.

Ya narka ƙarfe ya zuba, ringin ya fito ba ya da tsiya. Ya sake, ya sake, har a ma'aikatar yake kwana. Daga ƙarshe ya ɗauki ringinsa ya kai makarantar koyon fasaha ta Hamamatsu aka bincika, aka ce masa ƙarfen ya gaza wani sinadari da ake kira silikon. Mutumin da ke da gareji da yara a ƙarƙashinsa, ashe bai san abin da ke cikin ƙarfen da yake narkawa ba. Ya ajiye girman kai ya shiga aji ya zauna tare da samari. Da haka ya samu ringi mai kyau ya fito.

To a nan kake tsaye yanzu, ɗana. Ringi mai kyau ya fito. Saurari abin da ya biyo baya.

Ya kafa kamfani, Tokai Seiki, wajen 1937, ya nemi ya riƙa sayar wa Toyota. Aka ɗauki guda 50 aka gwada. Uku suka tsallake. Ba wai bai iya yin ringi ba, ai ga uku nan sun shaida ya iya. Abin da bai iya ba shi ne na huɗu ya zama daidai da na farko, na hamsin ya zama daidai da na huɗu. Sai da ya ƙara kusan shekara biyu yana yawon masana'antun ƙarfe da makarantu, ya ƙera injinan da ko sabon ma'aikaci ne ya tsaya a kansu ringi zai fito iri ɗaya, sannan Toyota ta karɓa. Duk tarihinsa babu inda nake yawan komawa kamar wajen ukun nan.

Yanzu in tambaye ka. Tazarar da ke tsakanin gangar injinka da rariya milimita nawa ce? Ramukan rariyar fa, da wane bakin ƙarfe ka huda su? Na san amsar: da ido ka yi, ka yi ta fiƙewa kana gwadawa har ya zauna. Shaf ɗin daga mataccen injin markaɗe ka ciro shi, boris biyun ma ba lambarsu ɗaya ba, na duba. Fulin kuma na tsohuwar fanka ne da babu irinta a Garwa. In Alhaji ya ce biyar, ina za ka samo matattun injinan markaɗe biyar masu kauri ɗaya? Kuma gyaɗar da ka gwada ta wuri ɗaya ce. Kawo ƙananan ƙwaya su zube ta rami da ɓawonsu, kawo manya su farfashe. Wadda ta sha rana ta bushe ƙayau ta fi saurin karyewa, mai ɗan danshi kuma ta toshe rariya. Injinka bai gamu da waɗannan ba tukuna.

Ba daga labarin Japan kaɗai na san wannan ba. Kafin a haife ka na ƙera injin tuƙa tunkuza don mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na farko ya yi aiki har mata na zuwa kallo daga wasu unguwanni. Na karɓi kuɗin guda takwas. Kowanne na yi shi da abin da hannuna ya kai gare shi a ranar, ba awo a rubuce, ba komai. Wata uku ba a yi ba shaf ɗin ɗaya ya karye a wani gari can hanyar Gidar. Na ba ɗan aike wani shaf, ya je ya ƙi shiga. Na sake aika wani, ya yi lako-lako. Rannan da sassafe na zo buɗe shago na tarar da matar zaune a bakin ƙofa, ta naɗe karyayyen shaf ɗin a gefen zaninta kamar jariri. Ba ta zage ni ba. Gaisuwa kawai ta yi, ta ajiye ƙarfen a gabana, ta koma ta zauna. Har azahar tana nan, duk wanda ya shigo sai ya tambayi ko lafiya. Da adashi ta sayi injin. Ni kuwa kuɗin sauran ukun da ban ƙera ba sun riga sun shige aljihu ɗaya da kuɗin cefane da na bikin ƙanwata. Janaretona na sayar na mayar wa mutane haƙƙinsu, na shekara biyu ina walda sai ranar da aka kawo wuta.

Ka ga ciwo biyu ne suka kama ni lokaci ɗaya: rashin awo da rashin mai riƙe kuɗi. Honda ya warke daga na farko da kansa. Na biyun sai da aka yi masa magani.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ci ma'aikatarsa ɗaya da bam a 1944, girgizar ƙasa ta rushe ɗayar a farkon 1945, ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000, kuɗin Japan. A 1946 ya samo ƙananan injinan da sojoji ke ba rediyonsu wuta da su, wajen 500, ya riƙa ɗaura su a jikin keke yana sayarwa. Da suka ƙare ya ƙera nasa. A 1948 ya kafa Honda Motor. Hannu akwai, kai akwai, amma kuɗi na fita ba sa dawowa, dillalai na karɓar kaya su yi shiru. A 1949 aka haɗa shi da wani mutum, Takeo Fujisawa, wanda ba makaniki ba ne, ɗan kasuwa ne. Suka raba aiki: kai ka ƙera, ni in sayar in riƙe kuɗi. Har hatimin kamfani Honda ya damƙa masa. A 1952 da suka fito da ƙaramin injin da ake liƙa wa keke, Fujisawa ne ya zauna ya aika wasiƙa ga dubun-dubatar masu shagon keke a faɗin Japan, ya mai da su dillalansu, kuma da sharaɗin kuɗi ya riga kaya. Babur ɗin Super Cub ya fito a 1958, zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. A 1973 su biyun suka ajiye aiki tare. Mutane suna riƙe da sunan ɗaya, amma da babu na biyun da wataƙila a kan keke mai inji labarin ya tsaya.

Kai wa zai riƙe maka? Kada ka ce kai. Na ga yadda kake yi in abokinka ya kawo salansar babur, ka yi masa walda ka ce "bar shi kawai". Halin kirki ne, amma ba ya sayen ƙarfe. Yayarka da ke riƙe adashin matan layinku shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba, je ka same ta da littafi. Kuɗin injin su kwana a wurinta, kai ka riƙa karɓar na ƙarfe da rasit, na aljihunka kuma a yanka maka a wata.

Batun takarda ba zan ja shi ba. Ofishin da kake nufi shi ne OAPI, hedikwatarsa na Yawunde, takardarsa na aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru da Cadi. Babbar takardar shekara 20 take yi, kuma kowace shekara sai ka biya kuɗin raya ta, in ka daina ta mutu. Akwai ƙarama ta shekara 10 don gyare-gyaren kayan aiki irin namu. Sai dai abu sabo ake ba wa, ganga da rariya da fanka kuwa sun girme ni. In akwai abin da za a duba, notin nan ne, don haka ka daina ɗaukarsa a waya kana watsawa, abin da ka riga ka baza a duniya da wuya a kira shi sabo. Kuma ka sani Nijeriya ba ta cikin ƙasashen nan. Mai walda a Yola ko Mubi ya ga injinka ya yi irinsa, takardar Yawunde ba ta isa can ba. Honda kansa bai tsira ba, baburan haya da yawa da ke yawo a garin nan injinsu kwaikwayon nasa ne. Abin da zai sa mai gyaɗa ya dawo wurinka shi ne in rariyarsa ta cinye ya aiko yaro da kuɗi, a ba shi wata, ya je ya ɗaura ta zauna.

Don haka ba zan yaye ka bana ba, kuma ba zan hana ka ba. Na ba ka kusurwar shago ta wajen bishiyar darbejiya, da injin walda bayan la'asar. Ka kwance injinka gaba ɗaya, ka auna kowane ƙarfe da ma'aunin kauri, ka rubuta. Ka yanka samfurin kowane ɓangare a faranti mu rataye a bango. Ka zaɓi boris da fuli da bel waɗanda in ka shiga babbar kasuwa shago uku za su miƙo maka. Rariya kala biyu, ta manyan ƙwaya da ta ƙanana. Sannan ka ƙera guda uku da sabon ƙarfe, ni zan ranta maka na farko.

In ka gama, ranar wata Asabar za mu kwance ukun, mu zube kayansu wuri ɗaya a tsakar shago, in sa ƙafa in cakuɗa. Ƙaramin yaron nan da kake aikowa shi zai haɗa su, kai kana zaune ba ka cewa uffan, ba fayil, ba guduma. Ba ni na ƙago wannan gwajin ba, an yi wa motocin Cadillac uku irinsa a Ingila a 1908, suka tashi suka yi tafiya. In naka ukun suka tashi suka ɓare kwano goma-goma, ni da kaina zan kira mahaifinka da liman a yi addu'a, in ba ka injin waldana na biyu.

Shi kuma Alhaji, ran Lahadi zan raka ka Pitowa. Ka ce masa biyu za ka iya, ba biyar ba, kuma sai gab da cirar gyaɗa. Kada ka karɓi fiye da kuɗin ƙarfe. Ka zo da buhu, mu roƙe shi gyaɗa kala-kala ta gwaji. Gobe kuma ka zo da wuri, ƙofar makarantar nan har yanzu ba a saka mata faifai ba.