Tambaya da Amsa: Rajistar Masu Zaɓe da Binciken Digiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin kimiyyar siyasa, kuma bincikena kan yadda fitowar masu zaɓe ta sauya ne a Jihar Kano tsakanin 2019 da 2023. Ta yaya zan samu cikakkiyar rajistar masu zaɓe daga hukumar INEC, mai sunaye da adireshi? Ɗaliba daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'a. Ba rajistar kike buƙata ba. Sunaye da adireshi ba za su amsa tambayarki ba, sai dai su ɗora miki nauyin sirrin mutane, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta sanya ra'ayin siyasa cikin bayanan da ake tsaurara wa tsaro. Abin da kike nema yana cikin fom EC8A, takardar sakamakon rumfar zaɓe. A nan ake rubuta adadin masu rajista, waɗanda aka tantance, ƙuri'un da aka soke, da abin da kowace jam'iyya ta samu.

INEC ta fara ɗora hotunan wannan fom a shafinta na IReV a watan Agustan 2020, saboda haka na 2023 nan za ki fara dubawa. Na 2019 sai ki rubuta wa hukumar takarda ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa. Ki fayyace zaɓen, ƙaramar hukumar da mazaɓar (wato ward, ta kansila).

Fom ɗin da za ki samu hotuna ne na rubutun hannu, wasu dishi-dishi. Ki sa mutum biyu su kwafe kowane fom daban-daban, sannan a gwada. Inda suka saɓa a koma kan hoton. Duk rumfar da ƙuri'unta suka zarce waɗanda aka tantance, a ware ta gefe, kada a gyara da ka. Lambar rumfa kuwa kashi huɗu ce: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Ki shigar da ita a Excel a matsayin rubutu, in ba haka ba zai cinye sifirin farko ko ya mayar da ita kwanan wata.

Babban ramin da ɗalibai ke faɗawa shi ne wannan: a 2021 an ƙara rumfunan ƙasar daga kusan 120,000 zuwa 176,846. Rumfa ɗaya ta 2019 tana iya zama biyu ko uku a 2023. Kada ki gwada rumfa da rumfa. Ki tattara su zuwa matakin mazaɓa, Kano tana da 484 a ƙananan hukumomi 44.

Ki kuma kula da adadin da kike raba yawan waɗanda suka fito da shi wajen lissafa kason fitowar. A 2023 masu rajista a ƙasa 93,469,008 ne, waɗanda suka karɓi katin zaɓe kuwa miliyan 87 da 'yan kai, kuma rajistar tana ɗauke da mamata da waɗanda suka yi ƙaura. Wannan yana sa fitowar ta yi kamar ta fi ƙanƙanta. Ki lissafa da duka biyun, ki nuna wa mai karatu bambancin.

Alƙaluman mazaɓa ba sa faɗin dalilin da ya hana wani fita. Don wannan sai bayanan Afrobarometer, cibiyar binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, waɗanda ake saukewa kyauta, ko hirar da za ki yi da kanki bayan kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku ya amince, tare da sakaya sunan duk wanda kika zanta da shi.