Me ya sa alkama ke ƙanjamewa alhali ba ta rasa ruwa ba?

Tambaya: Ina noman alkama a Kura, jihar Kano. Bara ban yi wasa da ban ruwa ba, amma tsabar ta fito a ƙanjame. Na ji an ce an gano ƙwayar gadon da ke sa alkama jure fari da zafi. Me ya hana a sa mana ita cikin iri?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a gona. Da ƙwaya ɗaya ce, da tuni an gama. Lokacin da masana suka fitar da cikakken tsarin gadon alkama a 2018, sun ƙirga ƙwayoyin gado sama da 100,000, kuma juriya ta rarrabu ne a tsakanin masu yawa daga cikinsu, kowace da ɗan kasonta.

Sannan fari daban, zafi daban. Idan ƙasa ta bushe, shuka na ƙara samar da wani sinadari, ABA, wanda ke rufe ƙananan kafofin ganye don kada ruwa ya tsere. Akwai kuma dangin ƙwayoyin gado da ake kira DREB, masu aiki kamar mai shela: su ke tayar da sauran ƙwayoyin kariya su kama aiki. Matsalar ita ce ta waɗannan kafofi ganye ke fitar da tururi ya sanyaya kansa. Dabarar da ta ceci shuka daga ƙishi tana iya sa ta ƙara ɗaukar zafi.

Alkamarka ba ƙishi ta ji ba, alamu na nuna zafi ne. Akwai sinadarin da ke tara sitaci cikin tsaba, kuma yana raunana da zarar zafi ya haura maki 30 a ma'aunin Celsius. Ƙwayoyin HSP na samar da furotin masu kare sassan shuka daga lalacewa, amma ƙarfinsu na da iyaka. Idan zafin ƙarshen Fabrairu da Maris ya riski zangarniya tana cika, sai ta nuna da wuri kafin ta ƙoshi. In kuma lokacin fure ya same ta, wasu gurabe ma ba za su yi tsaba ba sam.

Wataƙila labarin da ka ji na alkamar HB4 ne. An ɗauko ƙwayar gadon da aka sa mata daga furen rana, Ajantina ta amince da alkamar a 2020, Najeriya kuma ta yarda a shigo da tsabarta a 2022. Don fari aka yi ta. Ga mai noman rani da ke da ruwan Tiga, ban ga ita ce maganin damuwarsa ba.

Aikin da ya fi ba ni fata shi ne na Sudan. A Wad Madani, inda ake noman alkama cikin zafi mai tsanani, masana sun gwada irin da aka haɗa da dangin alkama na daji, don dawo da juriyar da ta ɓace. Cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, ICARDA da CIMMYT, na musayar irin waɗannan iri da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri, wadda ke da alhakin alkama a Najeriya.

Bana ka nemi ingantaccen iri mai saurin nuna, ka yi shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don tsabar ta cika hunturu bai wuce ba. Kuma kada ka tsallake ban ruwa lokacin fure.