Tambaya da Amsa: In sare ɗakwarar da na gada in shuka riɗi?

Tambaya: Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ɗanka ne daga wajen Damazin a ƙasar Sudan. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona cike da ɗakwara, wadda mutanen nan ke kira hashab. Masu gawayi sun yi mini tayi mai tsoka. Ina tunanin in sare su in shuka riɗi. Me ka gani?

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Shawarata ita ce ka ajiye gatarin nan. Kuɗin gawayi sau ɗaya za ka karɓa, ita kuwa ɗakwara kowane rani tana ba ka ƙaro, kuma sai ta yi shekara 4 ko 5 kafin ta fara. Wannan jiran tsohonka ya riga ya ɗauke maka shi.

Ba sai ka zaɓi ɗaya ba ma. Ɗakwara dangin wake da gyaɗa ce, saiwarta na gyara ƙasa. Shi ya sa manoman Kurdufan tun kaka da kakanni suke noma gero da riɗi a tsakaninta tana ƙarama, idan ta yi duhu su bar gonar ta huta a ƙarƙashinta. Idan naka sun cushe, rage tsofaffin da suka daina zubo, waɗannan ka sayar wa masu gawayin.

Inda mutane ke ɓarna shi ne tsaga. Kada ka taɓa itacen sai damina ta ɗauke, ganye ya fara rawaya yana zuba, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ka nemi sunki, wato ƙarfen da ake tsagar da shi, a wurin maƙeri, ka ɗaye siririn ɓawo a reshe kawai, ban da sara har cikin itace. Na sha ganin yara suna kafta mata gatari a gindi, wai don ta zubo da yawa. Itacen ne ke mutuwa. Bayan kamar kwana 40 za ka ga dunƙulen ƙaro ya daskare, sai ka ɗiba, daga nan kuma duk bayan mako biyu. Shanya shi a inuwa kan tabarma mai tsabta, kada yashi ya shiga. Kuma don Allah kada ka gauraya shi da na dushe, wato ɗalha. Shi wannan yana saurin marmashewa, farashinsa ƙasa yake, dillali na gani zai karya maka buhun gaba ɗaya.

Mu da muka yi karatun allo a tawada muka san ƙaro, amma masu lemon kwalba da alewa da magunguna ne ke saye da gaske, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula babbar kasuwar Al-Ubayyid da hanyar tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, don haka farashi na rawa. Busasshen ƙaro ba ya saurin lalacewa. Idan tayin bai yi maka ba, ɗaure buhunka ka jira.

Sannan ka ce gado ne. Ka zauna da ƙannenka, har matan, kafin ka taɓa ko reshe ɗaya.