Gigin tsufa ne ko sammu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana da shekara 74, kuma kusan shekara biyu ke nan sai ta sallame La'asar ta sake kabbarawa, ta ce ba ta yi ba. Rannan ta yini tana zargin matar yayana da ɗauke mata jakar kuɗi, sai da magariba muka tsince ta ƙarƙashin tukunyar da ita da kanta ta kife. Abin mamaki, har yau tana lissafa 'yan matan da suka raka ta ɗakin miji a Ƙofar Gayan ɗaya bayan ɗaya. Dangi sun ce sammu ne. Me ke damunta, kuma mu ma za mu gada? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba Inna lafiya. Ba a gane ciwo ta wasiƙa, amma abin da kika bayyana ya yi kama da abin da muke kira gigin tsufa, wanda a asibiti ake ce masa cutar mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ita nau'in Alzheimer ne ke damunsu. Sunan wani likita Bajamushe ne, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu cikin irin wannan ruɗewa.

Abu biyu ya gani, kuma har gobe a kansu bincike ke kewayawa. Wani furotin da ake kira amiloid yana taruwa ya daskare tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wani kuma mai suna tau, wanda aikinsa tallafe hanyoyin da abinci ke bi cikin kowace ƙwaya, ya harɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, sai ƙwayar ta kasa aika saƙo, daga ƙarshe ta mutu. Ɓarnar takan fara ne a yankin da ke ajiye sabon abu, shi ya sa sallar ɗazu ba ta zauna mata ba, alhali bikin da aka yi shekara hamsin baya yana nan daram a wata ma'ajiyar da cutar ba ta kai ba tukuna. Zargin sata ma daga nan yake: ba ta san ta ajiye ba, don haka a wurinta wani ne ya ɗauka. Kada matar yayanki ta riƙe ta a rai.

Masana ba su daidaita a kan wane ne ummul aba'isi tsakanin amiloid da tau ba. A 2023 Amurka ta amince da maganin lecanemab da ke share amiloid, sai dai jinkirta lalacewar kawai yake yi kaɗan, ba ya tsayar da ita, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa nuna cewa kumburi a ƙwaƙwalwa da lalacewar ƙananan jijiyoyin jini suna da nasu kason.

Batun gado kuwa, Alzheimer da ke bin jini kai tsaye ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma da wuri take farawa, galibi kafin shekara 65. Akwai ƙwayar gado APOE4 da ke ƙara haɗari ba tare da ta yanke hukunci ba. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka ya gano cewa yawan kamuwar tsofaffin Yarbawa bai kai rabin na baƙaƙen fatar Amurka ba, abin da ya sa aka ƙara zuba ido kan abinci da hawan jini. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba da raunin ji, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar.

Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Shika, tare da wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita, domin shi zai fi ba likita labari. A nemi a auna sinadarin da ƙullin maƙogwaro (thyroid) ke fitarwa da bitamin B12, tunda ƙarancinsu na kawo mantuwar da ake warkewa. Addu'a ba ta hana wannan tafiya. Jakar kuma ku sa mata igiya ta rataya a wuya.